Yaƙin Duniya na Biyu: a sama aka ci shi, a ƙasa, ko a ruwa?

Tambayarka baki biyu gare ta. Ka ce kakanka na cikin waɗanda aka kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a yaƙin Hitila, kun taso kuna jin yana cewa abincinsu daga sama yake faɗowa, ku kuwa kuna ɗauka ƙarin gishiri ne irin na mazan jiya. Sannan kana son sanin wanda ya ci yaƙin tsakanin sojan sama, na ƙasa da na ruwa. Allah ya jiƙan tsohon, ya kyauta makwancinsa. Ko ƙwayar gishiri bai ƙara ba, ɗan'uwa. In ka gane yadda buhun shinkafa ya baro Indiya ya faɗo gabansa a tsakiyar dawa, ka amsa wa kanka rabin tambaya ta biyu.

Na daɗe ina koyar da tarihin wannan yaƙi, kuma duk shekara sai an sami ɗalibin da zai ce bam ɗin Hiroshima ne ya gama komai, wani ya ce a'a, tankokin Rasha ne. Abin da nake gaya musu shi zan gaya maka. Sojan da ke bakin daga yana bukatar abinci, harsashi da magani, motarsa kuma tana shan mai kullum. Daga 1939 zuwa 1945, ɓangaren da ya iya kai wa mutanensa waɗannan a nesa, ya kuma datse hanyar abokin gaba, shi ya yi galaba a kusan kowane fage. Jirgin ruwa ke ɗauko kayan, jirgin sama ke tsare jirgin ruwan, sojan ƙasa ke kama filin da jirgin saman zai tashi da tashar da jirgin ruwan zai sauke. Duwatsun murhu ne, ka zare ɗaya tukunya ta kife.

Bari in fara da gida, don mutane da yawa ba su san Kano na cikin taswirar yaƙin ba. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shigo yaƙi ranar 10 ga watan. Nan take Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen dakon Birtaniya. Sojojinta da ke Masar suna gadin mashigin Suwez suna bukatar jiragen yaƙi, amma in za a kai su ta ruwa sai an kewaye Afirka duka ta kudu, tafiyar makonni barkatai. Sai aka fito da dabara: a kawo jiragen a akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi da fikafikansu. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940. Zango-zangon su ne Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, Al-Junaina, Al-Fashir, Hartum, sannan a bi Kogin Nilu zuwa Masar. Jirgi ɗaya mai inji biyu, wanda ke da masanin hanya a ciki, shi ne madugu, ƙananan jiragen Hurricane na biye da shi. Wanda ya san hazon hunturu tsakanin Kano da Barno ya san abin da matuƙan nan suka gani. Man da suke sha a Kano ta ruwa ya zo Legas, jirgin ƙasa ya hauro da shi. Na Maiduguri kuwa sai a mota, don dogo bai isa can ba sai 1964. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya.

Da gwamnan Cadi, Félix Éboué, bai yi wa Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, mubaya'a a watan Agusta na 1940 ba, da hanyar ta yanke a tsakiya, domin Nijar da ke kan iyaka tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942. Jamusawa sun san darajarta sarai. A Janairun 1942 suka turo jirgi guda ya ratso Sahara ya jefa bam a rumbun mai na Fort Lamy.

To, ina jiragen suka je? Su ne suka yi wa rundunar Janar Montgomery na Birtaniya inuwa a Al-Alamain da ke Masar a watan Oktoba na 1942. Ana yawan kuranta Rommel, kwamandan Jamusawa a can, da iya yaƙin hamada, kuma ya iya ɗin. Sai dai daga babbar tasharsa ta Tarabulus da ke Libiya zuwa bakin daga ya haura kilomita 2,000, motocin dakon mai suna shanye kaso mai yawa na man kafin su isa. A teku kuma jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa daga tsibirin Malta suna farautar duk abin da ya taso daga Italiya. A kwanakin farko na gumurzun ma an nutsar da jiragen dakon man da yake zuba wa ido kusa da Tobruk. Gwani ne, amma tanka ba ta tafiya da gwaninta. Da Amurka da Birtaniya suka sauke runduna a Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamba, aka matse shi gaba da baya, kuma a watan Mayu na 1943 sojojin Jamus da Italiya kusan 250,000 suka miƙa wuya a Tunisiya, teku na bayansu ba jirgin da zai kwashe su.

A gabashin Afirka abin ya bi ta ɗaya hannun, ƙasa ce ta buɗe ruwa. Birged ɗin Najeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu, 1941, suka sami man da Italiyawa suka gudu suka bari, suka zuba a motoci suka nausa Jijiga da Harar. Addis Ababa ta faɗi ranar 6 ga Afrilu, tashar Massawa bayan kwana biyu. Cikin makon nan Shugaba Roosevelt ya cire Bahar Maliya daga jerin wuraren da aka hana jiragen kasuwancin Amurka shiga, kaya suka fara isa Suwez kai tsaye. Barikin Mogadishu da ke Abuja daga nan ya samo suna.

Fagen da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba shi ne Tekun Atlantika, wataƙila don ba garin da aka ci ba tutar da aka kafa. Birtaniya tsibiri ce, abincinta da manta daga waje suke zuwa, har da gyaɗar Kano da manjan kudu. Admiral Dönitz na Jamus ya yi lissafi mai sauƙi: in jiragensa na ƙarƙashin teku suka nutsar da jiragen dako fiye da yadda ake ƙera sababbi, yunwa za ta gama abin da bam ya kasa. Maganin farko tsohon magani ne da fatake suka sani tun zamanin Gwanja: kada kowa ya tafi shi kaɗai, a yi ayari, a sa masu makami a gefe. Freetown na cikin manyan wuraren haɗa ayarin. Amma a tsakiyar tekun akwai wani sarari da jiragen sama daga Kanada, Iceland ko Birtaniya ba sa iya kaiwa, a nan Jamusawa ke taruwa kamar kuraye su afka wa ayari da dare. Jirgin ƙarƙashin teku na wancan zamani yawancin tafiyarsa a saman ruwa yake yi, in ya nutse sai ya koma tafiyar hawainiya, batirinsa na ƙarewa. Saboda haka ko jirgin sama bai jefa masa komai ba, ganinsa kawai ya isa ya sa shi nutsewa, ayari ya wuce ya bar shi. Da aka sami jiragen Liberator masu dogon zango, da ƙananan jiragen ruwa masu ɗauke da jiragen sama, da na'urar rada mai kaifi, ga kuma masu warware saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park, sai sararin ya rufe. A watan Mayu na 1943 kaɗai Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin teku sama da 40, Dönitz ya janye daga arewacin tekun. Cikin mutum kusan 40,000 da suka yi aiki a waɗannan jirage, wajen 30,000 ba su dawo ba. A ɗaya gefen Amurka ta ƙera jiragen dako samfurin Liberty 2,710. Lissafin Dönitz ya juye a kansa.

Yanzu ga inda dole a yi adalci. In jini kake tambaya, a ƙasa aka zubar da shi, kuma a ƙasar Tarayyar Sobiyet. Ranar 22 ga Yuni, 1941, Hitila ya tura sojoji sama da miliyan uku gabas. Mutanen Sobiyet wajen miliyan 27 suka mutu, soja da farar hula, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na sojojin Jamus da aka kashe a yaƙin duka a wannan fage suka faɗi. Duk wanda ya ba ka labarin yaƙin bai sa wannan a tsakiya ba ya tauye ka. Amma ko a can dubi abin da ke ƙarƙashi. Rundunar Jamus da ake yi wa kallon ta ƙarfe ta shiga Rasha da dawakai sama da 600,000 suna jan igwa da amalanke. Da Sobiyet ta juyo da farmaki a 1943 da 1944, tankokin nata ne, ƙirar masana'antun da ta kwashe ta kai bayan duwatsun Ural, amma motocin da ke bin tankokin da mai da abinci da yawansu na Amurka ne. Sama da 400,000 aka aiko, ta Murmansk, ta Iran, ta Vladivostok, dukkansu a cikin jirgin ruwa. Ayari guda da ya nufi arewacin Rasha a watan Yuli na 1942 ya rasa jirage 24 cikin 35.

Riƙe labarin Stalingrad a ranka, zan dawo gare shi in mun isa wajen kakanka. A watan Nuwamba na 1942 Sobiyet ta yi wa sojojin Jamus sama da 250,000 zobe a birnin. Göring, shugaban sojan saman Jamus, ya yi alkawarin ciyar da su ta sama. Mafi ƙanƙantar abin da suke bukata tan 500 ne a rana, abin da ke isa kuwa, in an raba, bai wuce tan 100 da 'yan kai ba. Ƙanƙara ta hana tashi, jiragen Sobiyet na tare hanya, tankokinsu na cin filayen jirgin ɗaya bayan ɗaya. Jamus ta rasa jirage kusan 500 a ƙoƙarin. Ranar 2 ga Fabrairu, 1943, aka gama. Cikin mutum 91,000 da aka kama, 'yan dubbai ƙalilan ne suka sake ganin gida.

Ruwan bama-bamai a kan birane kuwa, ra'ayina a kansa ba ya ɓuya. An ƙona Hamburg a Yulin 1943, mutum wajen 40,000 suka mutu. Tokyo a dare ɗaya na Maris 1945, wajen 100,000. Mata ne da yara da tsofaffi, kuma hakan bai sa Jamusawa sun ajiye aiki ba, kamar yadda bama-baman Jamus ba su durƙusar da mutanen Landan a 1940 ba. Abin da ya yi tasiri na soja daban ne. Hare-haren sun tilasta wa Jamus dawo da jiragen yaƙinta gida, inda jiragen Mustang masu rakiya suka cinye matuƙanta a farkon 1944, sannan daga watan Mayu aka koma kan matatun mai. Shi ya sa ranar 6 ga Yuni, 1944, da jiragen ruwa kusan 7,000 tare da jiragen sama suka sauke sojoji wajen 156,000 a Normandi da ke arewacin Faransa, sama ta zama tasu kusan ba mai ja. Ko bayan nan ruwa bai sake su ba. An kama tashar Antwerp ranar 4 ga Satumba lafiya lau, amma Jamusawa na riƙe da bakin kogin da ke kai wa gare ta, ba jirgin da ya sauke kaya sai ƙarshen Nuwamba. Rundunonin da ke gudu kamar iska a watan Agusta suka tsaya cik don rashin mai.

A Tekun Fasifik an ga sauyin tun makon farko. Kwana uku bayan harin da Japan ta kai wa sansanin Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, jiragen saman Japan suka nutsar da manyan jiragen ruwan Birtaniya biyu, Prince of Wales da Repulse, a gaɓar Malaya, don sun fita ba inuwa a sama. Singafo ta bi baya a Fabrairu. A Midway, Yunin 1942, Japan ta rasa jiragen ruwa huɗu masu ɗauke da jiragen yaƙi, kuma duk jiragen sama ne suka yi aikin. Amma wanda ya fi nuna maka yadda ukun ke sarƙe shi ne tsibirin Guadalcanal, inda aka shafe wata shida ana kashe juna a kan filin jirgi guda. Da rana jiragen Amurka na tashi daga filin, ba jirgin dakon Japan da ke iya matsowa. Sai dare ya yi ƙananan jiragen yaƙinsu su zo a guje, su ɗaure gangunan shinkafa da igiya su tura cikin ruwa, da fatan mutanensu za su janyo su gaɓa kafin gari ya waye. Yawancin gangunan ba su isa ba. Yunwa da cuta sun kashe sojojin Japan a tsibirin fiye da harsashi. Haka aka yi ta yi tsibiri bayan tsibiri, har aka kama Marianas a 1944, daga can ne jiragen da suka jefa bam a Hiroshima da Nagasaki suka tashi a watan Agusta na 1945. Kafin nan jiragen ƙarƙashin tekun Amurka sun nutsar da fiye da rabin jiragen dakon Japan, ƙasar da ta shiga yaƙi don neman mai ta kasa kawo man gida.

Mu zo Bama. A 1942 Japanawa sun kori Birtaniya daga ƙasar da dabara ɗaya: runduna mai motoci ba ta rabuwa da titi, su kuwa sai su ratsa daji a ƙafa su datse titin ta baya, waɗanda ke gaba su ga ba abinci su ja da baya a rikice. Faɗuwar Bama ta yanke shinkafar da ke zuwa Indiya, hukumomin mulkin mallaka suka ƙwace kwale-kwalen mutane don kada Japan ta samu, aka kuma ƙi ware isassun jiragen dakon hatsi. A yunwar Bengal ta 1943 mutum miliyan biyu zuwa uku suka rasu. Wannan ma yana cikin lissafin yaƙin ruwa, ko da ba a cika faɗa ba.

Amsar Janar Slim, kwamandan Birtaniya a fagen Bama, ga dabarar Japan ita ce: in an datse bayanku kada ku motsa, abinci zai zo ta sama. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943 da mutanen Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya, aka kai ta Indiya ta teku, ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar gaba ɗaya ta wannan hanya, a kwarin Kogin Kaladan. An zaɓe su ne don ba su dogara da mota ba. Suna da ƙungiyoyin 'yan dako, sojoji ne su ma, masu ɗaukar albarusai da sassan igwa a ka. Da adda da diga suka sare hanyar jif mai tsawon kilomita wajen 120 ta cikin duwatsu. Hausa ce yaren bariki a rundunonin Najeriya da Gana tun kafin yaƙin, don haka a tsaunukan nan an yi ta ba da oda da Hausa.

Ga abin da kakanka ya gani da idonsa. A sare fili a gefen kogi ko a gonar shinkafa da ta bushe, a shimfiɗa ƙyalle a matsayin alama, a tada hayaƙi. Sai ka ji gurnanin jirgin dako samfurin Dakota, ya sauko ƙasa-ƙasa yana kewaye, ƙofar gefe a cire, mutane a ciki suna tura kaya da ƙafa duk zagaye. Harsashi, magani da kayan gwangwani da laima suke saukowa. Shinkafa kuwa a buhu biyu ake sa ta, na ciki a cike, na waje sako-sako, a jefo ta haka nan ba laima, in na ciki ya fashe na waje ya tare. Buhun da ya faɗo wa mutum a ka ajalinsa ke nan, kuma an rasa mutane ta haka. Da laimomi suka yi ƙaranci, Slim ya sa aka ɗinka wasu da zaren rama a Kalkata, irin wanda ake buhun gyaɗa da shi. Wanda ya ji rauni kuma, ƙaramin jirgi ke sauka a ɗan filin da suka share ya ɗauke shi.

Me ya sa abin da ya gagara a Stalingrad ya yiwu a nan? Zuwa 1944 jiragen yaƙin Birtaniya da Amurka sun ƙwace sararin Bama, filayen tashi suna can Indiya inda abokin gaba ba ya kaiwa, jiragen dakon kuma Amurka na ƙera su dubbai, man da suke sha yana isowa ta tekun da aka riga aka tsare. Da Janar Mutaguchi na Japan ya kai farmaki Imphal da Kohima, garuruwan Indiya da ke kusa da iyakar Bama, a watan Maris na 1944, mutanensa sun taho da guzurin mako uku da shanun da suke korawa, da niyyar cin rumbunan Birtaniya. Slim ya ɗauko runduna guda sukutum ta jirgi daga Arakan, yankin gaɓar tekun Bama, har da alfadaranta, ya ciyar da waɗanda aka yi wa zobe ta sama har aka buɗe hanya ranar 22 ga Yuni. Cikin sojojin Japan wajen 85,000, fiye da rabi sun mutu ko sun jikkata, da yawa a hanyar komawa, yunwa da zazzaɓi da atini suka kayar da su cikin damina.

Mutanenmu ba su sha da sauƙi ba. A watan Maris ɗin nan Japanawa sun kora Runduna ta 81 baya daga Kyauktaw, sai bayan damina suka sake gangarowa. Bataliyoyin Najeriya uku kuma an shigar da su ta jirgi can bayan layin abokan gaba tare da dakarun Birtaniya na musamman da ake kira Chindit, sunan da barikin Zariya ke ɗauke da shi. A Janairun 1945 Runduna ta 81 da ta 82, ita ma ta Afirka ta Yamma, suka haɗu suka ci Myohaung. Aikinsu a Arakan shi ne riƙe Japanawa a tudu yayin da ake kama tsibiran Akyab da Ramree ta ruwa, a gina filayen jirgi a kansu, daga nan a ciyar da babbar rundunar Slim da ke gangarawa Rangun, wadda aka shiga ranar 3 ga Mayu. Duk wannan a kan albashin da bai kama ƙafar na Baturen da ke kwana a rami ɗaya da su ba, kuma da yawansu sai 1946 suka ga gida.

In akwai sauran kayan tsohon a ɗaki, takardar sallama ko tsohuwar riga ko hoto, duba alamar da ke kafaɗa. In ka ga baƙin gizo-gizo a kan rawaya, ɗan Runduna ta 81 ne, Kaladan ya yi ko kuwa yana cikin 'yan Chindit. In kuwa mashi biyu ne a gicciye cikin gammo, ta 82 ce, ya isa Arakan a ƙarshen 1944, ya bi gaɓar teku kudu. Lambar bataliyarsa na jikin takardar sallama, da ita za ka iya bin sawunsa zango-zango.